Dawar da Inna Ta Tsince Mini

Da kaya biyu na sauka Ingila: akwatin tufafi da wani babban gwangwanin biskit. Akwatin bai dame ni ba. Gwangwanin kuwa tun daga Kano bai bar cinyata ba, ko bayan gida na shiga a jirgi da shi nake shiga. Ba biskit ba ne a ciki, wahalar shekara biyu ce. Ambulan talatin da huɗu na jera, kowace da guntun zangarniyar dawa da ɓurtuntuna ta ci, wato cutar nan da ke mayar da ƙwayar dawa baƙin gari kamar kunkunniya. Kowace ambulan na rubuta sunan ƙauyen da na samo ta. Bayan motar kwasar taki na riƙa hawa ina bin gonaki, manoma suna mini dariya, suna kirana likitar dawa. A lokacin ni kaɗai ce mace a sashenmu na cututtukan shuka, kuma ba wanda ya yi zaton ’yar Ƙofar Na'isa, wadda ta girma cikin badalar birnin Kano, za ta san bambancin dawa kaura da farafara.

Saboda abin da ke cikin gwangwanin nan wani farfesa ya rubuto ya ce in zo in yi digirin dakta a wurinsa. Sharaɗin a bayyane yake: watanni uku na farko na gwaji ne. In an ga aiki ya kama hanya, in zauna shekara uku. In ba haka ba, in koma inda na fito.

’Yan kwastan suka tsare ni awa huɗu. Sun ga gwangwani an ɗaure da igiya, an ɗiga jan danƙo, an buga hatimi, ga takarda mai cewa cutar shuka ce a ciki. Wannan ya kira wancan, wancan ya buga waya. Wata ƙatuwar ma'aikaciya ta ɗauko almakashi za ta yanke igiyar, ban san lokacin da na dafe murfin da hannu biyu ba.

“Kada ki buɗe! Takardar ta ce sai a ɗakin gwaji na jami'a.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ajiye almakashin. Da suka gaji suka sake ni, ga yunwa, ga sanyin da ke shigowa duk lokacin da ƙofa ta buɗe.

A nan ne na ji an ce, “Ikon Allah! ’Yar gida ce? Hajiya, sannu da hanya. Cikin gari ko waje?”

Wani mutum ne mai kwat da wando, fes da shi, har da ’yar tasbaha a hannu. Wallahi kamar in rungume Hausar nan da na ji. Na ce Ƙofar Na'isa, ya ce ai kakarsa ’yar Ƙofar Mata ce, ya lissafo mini lunguna kamar jiya ya baro su. Ya raka ni har tashar jirgin ƙasa yana jan akwatina. Da muka iso ya nuna mini layin yankan tikiti.

“Shiga ki yanka, ’yar'uwa, ina nan da kayan. Kawo gwangwanin ma in riƙe miki.”

Na ce a'a, wannan ba ya barin hannuna. Ya yi dariya ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Da na juyo da tikitina babu shi babu akwati. Na zagaya tashar nan sau uku ina leƙa fuskokin mutane. Atamfofina, rigar sanyi ɗaya tilo da na saya a Kano, kuka da daddawa da yaji, duk sun tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin da nake rubuta bayanan gonaki, yana ƙasan akwatin. Na zauna a benci na yi kuka na ƙoshi, sannan na rarrashi kaina da cewa ai uwar kayan tana hannuna.

A cikin jirgin ƙasa haƙorana suka riƙa haɗuwa, daga ni sai atamfa da mayafi. Wata tsohuwa da ke kujerar gabana ta miƙo mini rabin burodinta mai nama a tsakiya. Na ji tsoron ko alade ne, na girgiza kai. Ba ta ji haushi ba, ta laluba jaka ta fito da tuffa ta ɗora mini a kan gwangwanin, ta koma karatun jaridarta. Tuffar nan ce abincina na ranar.

Jami'a ta sama mini ɗaki a gidan wata bazawara ’yar Bangaladash, Anti Rukayya. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni ba akwati, ba ta tambaye ni komai ba. Ta zaunar da ni gaban wuta, ta zuba mini shinkafa da miya mai yajin da ya sa ni hawaye, sannan ta hau sama ta sauko da kwat ɗin marigayi mijinta. Ga alama mutumin dogo ne, don kwat ɗin har idon sawuna, hannuwan sai na naɗe su sau uku. A cikin rigar mamaci na yi hunturuna na farko, yara a titi suna juyowa suna kallona.

Ranar Litinin na kai gwangwanin ɗakin gwaji. Farfesan dogo ne siriri, girarsa kamar tsintsiya, don haka a zuciyata Farfesa Gira nake ce masa har ya bar duniya. Ya tara ɗalibansa shida, duk maza, kowa da farar riga da safar hannu, an rufe ƙofofi don kada ƙurar cutar ta fita. Ya miƙo mini almakashi ya ce girmamawar tawa ce. Na yanke igiya na ɗaga murfi.

Babu ambulan ko ɗaya. Wata ’yar jaka ce ta farin alawayyo, an ɗinke bakinta da hannu. Na farke ɗinkin, sai ga dawa kaura tana zubowa, ja-ja, manya-manya, tsaf da ita, babu tsakuwa babu dusa. Tunda nake ban taɓa ganin dawa mai lafiya irin wannan ba.

Wani daga cikin ɗaliban ya yi tari don ya ɓoye dariya. A ƙasan gwangwanin na ga ’yar takarda a ninke, da rubutun ajami na tawada. Hannun Inna ne, mahaifiyata.

“Ke ’yar nan. Na duba guzurinki na ga dawar da kika haɗa duk ta mutu. Ba a kai wa malami irin wannan, kada ki ba mu kunya a garin mutane. Na juye ta a faifai na duba ko da ta tsinta, babu, na sa ta a wuta da takardunta. Ga tamu ta gida na tsince miki. Allah ya tsare.”

Nan take na gane yadda aka yi. Kwana biyu na bar gwangwanin a ɗakinta na tafi karɓo biza. Da na dawo a gurguje na kai shi wurin jami'in da zai duba ya rufe, shi kuwa yana sauri ya tafi sallar Juma'a, ya ɗiga danƙo ya buga hatimi bai ko ɗaga murfin ba.

“Me takardar ta ce?” in ji Farfesa Gira.

Ni ce ’yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba mini a gaban mutane ba, ko ranar tafiyata ɗaki ta shige. Wannan ce wasiƙar farko da ta taɓa rubuta mini. In fassara ta ga mutanen nan su yi dariyar uwata? Haushinta ya cika mini ciki kamar in fashe, amma na ninke takardar na sa a aljihun kwat.

“Addu'a ce,” na ce.

“Ina samfuran? Ina littafin bayananki?”

“An sace shi a tasha.”

Girar nan ta haɗe. Ya sallami ɗaliban, ya ce mini a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, ya sha ganin masu rubuta aikin da ba su yi ba don su sami hanyar shigowa ƙasar. Ba ya cewa ni ina cikinsu, amma babu abin da ke gabansa da ya nuna ba na ciki. Kwamiti zai zauna ranar Juma'ar ƙarshe ta zangon karatu. In babu ɓurtuntunar Kano a hannuna ran nan, zai rubuta a mayar da ni.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. In rubuta gida a aiko wata? Sai an jira dawa ta nuna, a sami wanda zai bi gonaki, a sake neman takardun izini, wata shida ma ba su isa ba. Na riƙa hango kaina ina saukowa daga tasi a bakin lungunmu, matan da suka ce me mace za ta yi da karatun ciyawa suna leƙe ta zaure. Kuma na san daga kaina ba za a ƙara tura wata mace daga sashenmu ba.

Rana ta huɗu ina sake karanta wasiƙar don in ƙara jin haushi, sai idona ya tsaya a kan kalmar faifai. Na san ɗakin Inna kamar tafin hannuna. Faifan tsintar hatsi ɗaya gare ta, tun na aurenta, kuma ba a wanke faifai da ruwa, kaɗe shi ake a mayar kan ƙusa. In ta juye ambulan talatin da huɗu a kansa tana murza zangarniya tana neman ta tsinta, to duk saƙar faifan nan ta cika da ƙurar ɓurtuntuna. A kansa kuma ta tsinci mai kyaun, ƙwaya ƙwaya. Cutar nan kuwa a jikin iri take maƙalewa, ta shiga tsiro tun yana jariri, ta yi lamo a ciki sai ranar fitar da kai.

Da gudu na tafi jami'a, kwat na harɗe mini ƙafa. Na ɗauraye ’yar dawar a ruwa na ɗiga a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga su nan jefi-jefi, ƙananan ƙwallaye masu ruwan ƙasa. Farfesa ya leƙa ya ce wannan ƙura ce kawai, ba ta nuna suna da rai ba. Na gwada tayar da su a farantan gwaji har sau uku, kullum fumfuna ce ke riga su ta lulluɓe farantin. Hanya ɗaya ta rage, in shuka dawar in jira. Saura mako goma sha ɗaya, dawarmu kuwa a gida wata biyar take ci.

Mai kula da ɗakin gilashin da ake renon shuka wani tsoho ne, Wolta, mai ɗingishi, wanda ba ya haɗa jimla biyu a jere. Na yi masa bayanin cewa dawarmu ba kwanaki take ƙirgawa ba, tsawon yini take kallo, sai ta ji rana ta fara gajarta take yin ciki. Ya sosa ƙeya.

“To mu yi mata ƙarya mana,” in ji shi.

Ya ba ni lungu guda, ya rataya fitilu, ya haɗa baƙin labule da zai rufe lungun ruf. Tukwane ɗari biyu muka cika. Makon farko na hana shi ƙara zafi, don cutar ta fi kama tsiron da ya fito a hankali cikin ƙasa mai ɗan sanyi. Daga nan kullum ƙarfe bakwai na safe a kunna fitila, ƙarfe shida na yamma a kashe a ja labule. Ranar da darasi ya riƙe ni, Wolta ne ke ja, bai taɓa makara ba.

Wurin nan ne kaɗai mai ɗumi a duk garin. Da ganyen ya kai gwiwa, in na shiga sai ƙamshin gonar kakana ta bayan gari ya buge ni, in tsuguna tsakanin tukwane ina kuka ina cire ciyawa. Na yi kewar kiran sallar masallacin unguwarmu, na yi kewar ƙarar tabarya da hantsi, har faɗan Inna na yi kewa, duk da ban amsa wasiƙarta ba. Kuma ga abin kunya: ni jikar manomi, ina ɗaga hannu bayan kowace salla ina roƙon Allah ya sa wa dawata cuta. Anti Rukayya ta tambaye ni me za ta roƙa mini, da na faɗa mata ta ce ita dai za ta ce Allah ya biya buƙata, ya san sauran.

A mako na shida aka yi wani sanyi da ko ’yan garin suka yi ta magana. Safiyar Litinin na tura ƙofar ɗakin gilashi, maimakon ɗumi sai iska mai sanyi ta mare ni. Tukunyar ɗumama wurin ta mutu tun Asabar. Dawata ta kwanta, ganyen ya yi laushi kamar an dafa. Na tsaya riƙe da ƙofa.

“Zo nan,” na ji Wolta ya ce a bayana.

Ya kai ni ’yar rumfarsa inda yake shan shayi. Tukwane ne a kan tebur, a kan kujera, a ƙasa, an kewaye ’yar hitarsa ta lantarki. Ranar Lahadi ya leƙo, ba ranar aikinsa ba, ya tarar da abin da ya faru, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya da gurguwar ƙafarsa har inda ƙarfinsa ya ƙare. Talatin da bakwai ya tsirar. Na rasa da wane harshe zan gode masa, sai na ce “Allah ya saka da alheri” da Hausa, ya gyaɗa kai kamar ya ji.

A mako na tara dawar ta yi ciki, a na goma ta fara fitar da kai. Kullum da safe in bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin hannu. Ta farko lafiya lau. Ta biyu lafiya lau. Suka yi bununi, ƙwaya ta fara cika, shar da su, duk manomin da ya gani sai ya ce masha Allah. Ni kuwa kowace zangarniya mai kyau kamar an soka mini allura. Farfesa Gira ya shigo ranar Litinin ta makon ƙarshe, ya zagaya hannu a baya.

“Kin iya noma,” ya ce, ya fita.

Ranar Laraba talatin da huɗu sun fito, duk lafiyayyu. Saura uku, tsumburarru, waɗanda sanyi ya fi taɓawa, kansu ya ɗan leƙo ya tsaya. Anti Rukayya ta wanke mini atamfata ta goge ba tare da na sa ta ba, na gane ita ma ta fara shirin sallama. Ranar Alhamis ban ko je darasi ba.

Kwamiti ƙarfe goma na safiyar Juma'a zai zauna. Ƙarfe takwas na shiga, na ja labule, na wuce kai tsaye wurin ukun nan. Ta farko ƙwayarta kore ce, ƙanana, masu lafiya. Ta biyu haka. Ta ukun gajera ce, ko ƙirjina ba ta kai ba, rabin kanta na cikin kube. Na sa farce na tsaga kuben a hankali. Ƙwayoyin ciki ba zagayayyu ba ne, dogaye ne, masu ruwan toka, kamar ƙananan ƙahonni. Na kama ɗaya na matse, ta fashe, yatsuna suka yi baƙi ƙirin.

Ban taɓa yin guɗa a rayuwata ba, ban ma san na iya ba. Wolta ya shigo da gudunsa na ɗingishi ya zaci wuta ce ta kama. Na nuna masa yatsuna. Ya cire hularsa, ya dubi tsumburarriyar dawar nan.

“Mummuna ce ƙwarai,” ya ce. “Barka.”

Ba a fita da ita daga ɗakin, don haka Farfesa ne ya zo. Ya duba da gilashi, ya ɗebi garin ya sa a madubi, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce in tafi in wanke hannu, kwamiti ba ya buƙatar ganina, shi zai yi magana. Sannan ya jawo babban littafin da ake shigar da kowace cuta da aka kawo, ya cire murfin alƙalami.

“Dole a rubuta inda aka samo ta. Wane ƙauye ne cikin talatin da huɗun?”

Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Aikin kwatanta ƙauye da ƙauye da na zo yi ya riga ya ƙone a murhu, sai dai in gina wani a kan wannan guda ɗaya. Sai a lokacin na fito da wasiƙar daga aljihun kwat na fassara masa ita kalma kalma, ina jiran dariya. Bai yi ba. Ya tambaye ni ƙwaya nawa ke cikin jakar, na ce za ta kai mudu. Ya ce da hannu ta tsince duka? Na ce ɗaya-ɗaya, ga ta ba ta gani sosai. Ya miƙo mini alƙalamin.

A layin da aka ware wa wurin samowa na rubuta: faifan Inna, Ƙofar Na'isa, Kano. Da yamma na sayi takardar wasiƙa, na zauna a teburin Anti Rukayya, na rubuta amsar da na riƙe wata uku. Layi biyu ne da ajami. Na ce dawa ta iso lafiya, malam ya gani, ya ce in zauna.